Harsashi Ɗaya a Jakar Kawu

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da Kawuna, ƙanin mahaifiyata, a farkon shekarar 2018. Masu bibiyata sun san nakan je Dubai sau biyu ko uku a shekara in saro abaya da mayafai da takalma. Kawu kuwa bai taɓa hawa jirgin sama ba. Manomi ne, gonarsa na can wajen Doguwa a gefen dajin Falgore, yana noman masara da damina, tumatir da albasa da rani. Injin ban-ruwansa ne ya lalace, wani ƙarfe mai kama da fanka da ke cikinsa ya cinye, kuma duk wanda ya saya a kasuwa ba ya wata biyu. Na ce masa ya biyo ni ya zaɓi na kirki da idonsa, ya kuma duba injuna masu aiki da hasken rana. Ya yi wata guda yana tunani kafin ya amince.

Mota muka ɗauka zuwa Abuja. Direban ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, a wuce tsakanin Kaduna da Abuja kafin azahar. Ba wanda ya yi masa musu, kowa ya san abin da ake faɗa kan hanyar nan. Mun tsaya a Zariya muka sha shayi da ƙosai, daga nan sai ramuka da shingen bincike. Muka bar Kaduna. Kawu yana ta kallon daji hagu da dama. Can ya juyo ya ce mini, “Uwata, yau ji nake kamar na fito ba riga.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Bindigarsa yake nufi. Yana da bindigar farauta mai baki biyu tun kafin a haife ni, da ita yake korar birai da gyado daga gona, kuma shekarun da ɓarayin shanu suka addabi yankin, ƙararta kaɗai ta hana a shiga garkensa sau biyu. Ya bar ta a gida, amma lasisinta na aljihun gaban rigarsa, a naɗe cikin leda. Ko masallaci zai je da shi yake zuwa.

A jirgi bai runtsa ba. Ya ƙi cin abincin, ya ce shinkafar ba ta ga wuta ba. Da gari ya waye muka sauko kan Dubai, ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ina gonakinsu suke.

Mun sauka a wani ƙaramin otal a Al Buteen, kusa da ruwa, inda na saba zama. Ɗakinsa na kallon nawa. Watan Fabrairu ne, garin ba zafi, da safe ma har da iska mai sanyi. Abin da na tarar a bakin kowa shi ne sabon harajin kashi biyar cikin ɗari da aka fara ɗorawa kan kaya a farkon shekarar. Duk shagon da na shiga sai an yi mini ƙorafinsa, kamar ni na kawo shi. Shayin karak dai yana nan a dirhami ɗaya, haka ma kwalekwalen abra da ke tsallaka da mutane zuwa ɗaya gefen. Kawu ya so abra. Mun tsallaka mun dawo, ya ce a sake. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne buhuna da kwalaye da firji da aka jibge a bakin ruwa suna jiran jiragen katako, ba mai gadi, ba ko kare. Ya tsaya ya duba ko’ina yana neman inda mai tsaron ya ɓuya. Na nuna masa kyamarorin da ke saman turaku, ya kaɗa kai bai gamsu ba.

Rana ta biyu da azahar na kai shi wani gidan abinci a Al Muraqqabat, a hawa na uku na wani bene, inda wata mata ’yar Bauci take tuwon shinkafa da miyar kuka. Wurin ya cika, sai muka zauna teburi ɗaya da wasu maza biyu. Hausarsu ta Filato ce. Wa da ƙani ne daga wajen Pankshin, Kiristoci. Ƙanin ya shekara tara a Dubai yana gyaran na’urar sanyaya ɗaki, Larabci a bakinsa kamar ruwa. Wan kuwa direban tirela ne a Amurka, a jihar Texas. Ya biyo ne ya ɗauki ƙaninsa su wuce gida tare bayan kwana goma, domin mahaifiyarsu ba ta ga su biyun a wuri ɗaya ba tsawon shekaru.

Kawu ba ya barin baƙo ya ci abinci cikin shiru. Ya tambayi direban ko akwai ’yan fashi a hanyoyinsu. Direban ya ce akwai, an taɓa tare shi a wurin da manyan motoci ke hutawa, bayan nan ne ya nemi lasisin riƙe ƙaramar bindiga a ɓoye a jikinsa. Nan take Kawu ya zaro ledarsa ya warware ya miƙa masa. Shi ma ya ciro wani kati daga walat. Suka yi musaya suna duba na juna kamar masu nuna hotunan jikoki.

“Wannan ɗan katin kaɗai,” in ji Kawu, “duk faɗin Amurka ka shiga da bindigarka?”

“A’a, Baba. Nan ne rikicin yake.”

Ya buɗe wayarsa ya nuna mana taswirar ƙasar, wasu jihohin kore, wasu ja. Ya ce kore su ne waɗanda suka yarda da katin Texas, ja kuwa ba ruwansu da shi. Kafin ya ɗauki kaya sai ya duba wannan taswira kamar yadda yake duba mai da taya. Wani lokaci gada ɗaya ce tsakani: a wannan gefen kai mutum ne mai bin doka, a wancan gefen kai mai babban laifi ne, kuma motar ɗaya ce, kai ɗin ma ɗaya ne. Ya ce ana ta jayayya a majalisarsu kan a yi dokar da za ta tilasta wa kowace jiha ta karɓi katin ’yar’uwarta, kamar yadda lasisin tuƙi yake aiki ko’ina.

Na ce ai wannan ba abin jayayya ba ne, ƙasa ɗaya ce. Ya yi dariya ya ce, “Hajiya, haka nake gaya wa matata, ita kuma ta ƙi.” Matarsa nas ce a sashen gaggawa, ita take karɓar waɗanda aka harba. Hujjarta ita ce wasu jihohin suna ba da katin cikin sauƙi, wasu kuwa sai sun tona tarihin mutum sun ga dalilinsa. Don me za a tilasta wa garin da ya tsananta ya buɗe ƙofa ga takardar garin da ya sassauta? Ya ce sun shekara suna wannan musu, ba wanda ya ka da wani. Kawu ya mayar da lasisinsa aljihu ya ce shi dai nasa hukuma ce ta ba shi, kuma hukuma hukuma ce a ko’ina. Muka karɓi lambar juna muka rabu.

Washegari da safe muka shirya zuwa layin masu sayar da injuna. Kawu ya taho da tsohon ƙarfen don a gwada, a cikin wata jakar buhu da yake zuwa gona da ita, ya cusa ta a babban akwatinsa. Na shiga ɗakinsa na ce ya zazzage in ɗauki hoton ƙarfen, saboda kada mu yi ta yawo da nauyi. Ya zazzage a kan gado. Ƙarfen ya faɗo, da kusoshi, da sifana biyu, da ƙullin igiya. Sai wani abu ja mai gindin tagulla ya mirgino ya tsaya a jikin matashi.

Harsashi ne, bai fashe ba.

Yadda aka yi ya biyo mu har nan ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Yana cikin tarin ƙarafa ne, mu kanmu da muka ɗaure kayan ba mu gan shi ba. Na zauna a kujera. Na sha jin labarin waɗanda irin wannan ta rutsa da su a ƙasashen nan. Kawu kuwa ya ɗauke shi ya juya, ya ce, “Ashe nan ka shige. Na neme ka tun kaka.”

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne mu hau abra, in mun kai tsakiyar ruwa in sake shi. Na faɗa masa. Ya dube ni kamar bai san ni ba.

“Ni ɓarawo ne da zan yar da abu a ɓoye? Ina da takarda. Mu je ofishin ’yan sanda in ba su, in nuna musu.”

“Kawu, takardarka ta Najeriya ce.”

“To Najeriya ba ƙasa ba ce?”

Ya sa hularsa, ya jefa harsashin a aljihu. Na tsaya a bakin ƙofa na roƙe shi ya ba ni minti goma, na kira direban nan na jiya. Kafin rabin awa ga shi da ƙaninsa.

Direban ya sa Kawu ya ciro harsashin ya ajiye a kan teburi, ya ce kada wanda ya ƙara taɓa shi. Sannan ya zauna a bakin gado ya ba mu ragowar labarin da bai bayar jiya ba. Shekara uku da suka wuce an sauya masa hanya yana tsakiyar tafiya, ya shiga ɗaya daga jihohin nan ja bai lura ba. Ɗan sanda ya tsayar da shi saboda fitilar baya. Shi da kansa, ba a tambaye shi ba, ya ce yana ɗauke da bindiga, ga katinsa. Nan aka sa masa ankwa. Ya kwana uku a tsare, ya yi wata takwas yana zuwa kotu, ya rasa aikin da yake yi a lokacin, da ƙyar lauya ya fitar da shi ba tare da an rubuta masa laifi ba.

Na ce, “To ka gani. Gaskiyar ce ta ja maka.”

Ya ce, “Ita ce ta ja mini, ita ce kuma alƙalin ya duba ya sassauta. Da su suka gano da kansu, da yanzu ba na nan.” Ya juya wajen Kawu. “Baba, niyyarka daidai ce. Amma kada ka taka titi da shi a aljihu, kuma kada ka shiga wurinsu kana ɗaga takardar nan kamar ta ba ka iko. A nan ba ta ba ka komai ba. Abin da za ta yi maka kawai shi ne ta nuna inda abin ya fito.”

Game da shawarata ta ruwa, ƙanin ne ya amsa. Ya ce in kyamara ta ɗauke ni ina jefa abu, an tashi daga mantuwa an koma ɓoye laifi, kuma ni ma na shiga ciki. Ya sauka ya yi wa manajan otal bayani, suka kira ’yan sanda tare.

Su biyu suka zo, cikin natsuwa, ba tsawa. Suka ɗauki hoto, suka sa harsashin a leda, suka bincike ɗakunanmu duka biyu, suka ce mu biyo su. A ofishinsu aka yi wa Kawu tambayoyi har la’asar, ana fassarawa. Jami’in da ke rubutu ya karɓi lasisin ya duba gaba da baya, ya sa aka karanta masa, ya ajiye shi a cikin fayil. Ya ce wannan ya taimaka wajen fahimtar labarin, amma ba izini ba ne a ƙasarsu, kuma ba shi ne zai yanke hukunci ba, sai mai gabatar da ƙara ya duba. Aka karɓi fasfon Kawu. Aka ce zai kwana.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Mutumin da in ya yi magana a ƙauyensu ake yin shiru, ga shi an ce ya cire hula da agogo ya miƙa. Ya dube ni ya ce, “Kada ki kira gida.”

Da safe muka koma da wani lauya ɗan Sudan da ƙanin direban ya samo. Aka ce za a iya sakinsa ya jira a waje idan wani mazaunin ƙasar mai aiki zai tsaya masa, ya ajiye nasa fasfon. Na fara kiran mutanen da na shekara ina ciniki da su, masu kago da ke aiko mana da kaya gida, da masu shago. Wannan ya ce yana Sharjah, wancan ya ce bizarsa ta kusa ƙarewa, wani ya ce zai kira ni, bai kira ba. Ban riƙe su a rai ba, kowa yana da iyali da yake ciyarwa da fasfon nan. Ina cikin kiran na biyar na ga ƙanin direban ya tashi ya je wajen kanta, ya ciro fasfonsa daga aljihun rigar aikinsa ya miƙa.

Na bi shi na ce, “Tafiyarku fa? Saura kwana takwas. In abin ya ja?”

Ya ce, “In ya ja, Mama za ta ga yayana, ni in bi daga baya. Ba zan iya barin dattijo a ciki ba, Hajiya. Khalas, magana ta ƙare.”

Kwana biyu kacal da saninmu, kuma sanin bai wuce kwanon tuwo ba.

Kwana shida muka yi muna jira. Na ɗaga ranar komawarmu. Kawu ya daina son abra, ya daina tambayar komai. Da ƙyar na ja shi layin injuna, inda wani ɗan Pakistan ya auna tsohon ƙarfen ya kawo mana irinsa na asali, muka ɗauki uku, muka kuma zaɓi ƙaramin inji mai aiki da hasken rana aka kai wa masu kago. Ko a nan bai yi ciniki ba, shi da yake iya ɓata awa guda kan farashin buhun taki. Kowace rana da yamma ’yan’uwan nan biyu sukan zo su zauna da shi a bakin ruwa su sha karak. A ɗaya daga cikin zaman nan ne ya yi maganar da har yau nake juyawa.

Ya ce da shi dai tunaninsa takardar ce take da ƙarfi. Yanzu ya gane ba ita ba ce. Ranar da aka ba shi, dagacinsu ya sa hannu, babban ɗan sandan yankin ya san gidansa, an san bai taɓa ɗaga wa mutum ko sanda ba. Takardar shaidar mutanen da suka san shi ce. “Shekara sittin da uku ina gyara sunana,” in ji shi, “na zo inda ba wanda za a tambaya.”

Direban ya ce wannan ai maganar matarsa ce, Baba ya koma ɓangarenta. Kawu ya ce bai koma ba tukuna, domin shi ma ya ɗanɗana abin da ake ji in mutum bai yi niyyar laifi ba aka rufe shi. Ya ce in da za a tambaye shi, jihohin su zauna su daidaita irin binciken da za a yi wa mutum kafin a ba shi, sannan su yarda da takardar juna. Direban ya ce, “Baba, da sun iya zama ai da an gama.” Ranar ce na fara jin dariyar Kawu tun da abin ya faru.

A rana ta shida lauya ya kira. An rufe maganar, an karɓi cewa mantuwa ce kuma mu muka kai kanmu. Kawu ya sa hannu a wata takarda, aka riƙe harsashin, aka dawo masa da fasfo da lasisinsa, aka dawo wa ƙanin direban da nasa saura kwana biyu tafiyarsu. Kawu ya riƙe hannun ƙanin da hannu biyu. Can ya tambaye shi sunan ƙauyensu da sunan da ake kiran mahaifiyarsu da shi, ya sa na rubuta.

Kafin mu tafi filin jirgi sai da ya zazzage kowace jaka, ya juya kowane aljihu, har da na jakar hannuna. Tsohuwar jakar gonar kuwa ya bar wa otal. Mun sauka Abuja da rana, muka kwana, washegari muka kamo hanya. A Kwanar Ɗangora ya sauka da ƙarafansa uku zai nemi motar Doguwa. Ya leƙo ta taga ya ce in gaya wa mahaifiyata komai da bakina, shi ba zai iya ba. Na gaya mata. Ta yi kuka, sannan ta kira shi ta yi masa faɗa kamar yaro, yana ta cewa “To, Yaya.”

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. Na farko mai sauƙi ne: duk wanda zai fita ƙasar waje, musamman manomi ko mafarauci ko mai aikin tsaro, ya zazzage jakarsa har ƙasa da hannunsa, kuma ya san izinin da yake da shi a gida yana iya ƙarewa a bakin iyaka. Na biyu ya fi nauyi. Na je ina ganin musun Amurkawan nan shirme ne, na dawo ban san wanda zan ba gaskiya ba tsakanin direban da matarsa. Na kuma dawo da sanin cewa ranar da abin ya zo, ni ce na kawo shawarar da ta fi kowacce muni, ni da nake ganin na san gari.

Da aka yi girbin albasa Kawu ya cika bayan wata ƙaramar mota da buhu huɗu, da buhun masara biyu, ya ce a kai shi Pankshin. ’Ya’yansa suka ce a aika direba, ya ƙi. Ya bi ta Saminaka ya shiga Jos, ya yi ta tambaya har ya sami gidan. Ya ce ya tarar da tsohuwar tana shanya acca a tsakar gida. Ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne, ta ce yaran ba su gaya mata komai ba. Sai ya nemi kujera ya zauna, ya ba ta labarin abin da ɗanta na Dubai ya yi, tun daga farko.